Yadda magidanci zai ɗauki hutun haihuwa a lokacin da aiki ya fi yawa

Kusan kowane wurin aiki yana da lokacin da ba a son kowa ya motsa daga kujerarsa. A sashen kuɗi na ma'aikatun gwamnati lokacin shi ne watan Disamba, domin shekarar kuɗi tana ƙarewa ne ranar 31 ga wata, kuma duk takardar biyan da ba ta wuce ba kafin a rufe littattafai tana iya zama rigimar shekara mai zuwa. A makarantun sakandare lokacin jarrabawar WAEC da NECO ne, daga wajajen Mayu zuwa Yuli. A asibitoci tsakiyar damina ce, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakunan yara, a hukumomin jin daɗin alhazai kuwa makonnin jigilar maniyyata ne. Idan lissafi ya nuna cewa iyalinka za su sauka a irin wannan lokaci, to ka shiga halin da magidanta da yawa ke warwarewa ta hanya mafi muni: su yi shiru har naƙuda ta tashi, su buga waya da asuba su ce ba za su shigo ba, su leƙa ofis a rana ta biyu, sannan su ɗauki yini guda ranar suna. Ta haka ofis ya shiga ruɗani, gida kuma bai amfana da su ba.

Ranar haihuwa ba a hannunka take ba, amma aikin da ke kan teburinka ana iya rage shi, a rarraba shi, a koya wa wani, muddin an fara da wuri. Don haka shirin hutun yana farawa ne watanni kafin haihuwa, kuma mafi yawansa a ofis ake yin sa.

Fara da sanin abin da ƙa'ida ta ba ka

Kafin ka buɗe baki da kowa, ka tabbatar ko hutun haƙƙinka ne ko alfarma za ka nema, domin salon maganar ya bambanta. Idan ma'aikacin gwamnatin tarayyar Najeriya ne kai, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun haihuwa ga maza a watan Satumba na 2021, kuma ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya fitar da takardar umarni a kai a watan Nuwamba na 2022. Hutun kwanakin aiki 14 ne, ba a ƙirga Asabar da Lahadi a ciki, saboda haka wanda ya fara ranar Litinin zai kammala ranar Alhamis ta mako na uku, ya koma aiki ranar Juma'a. Akwai sharuɗɗa biyu da suka shafi gidajenmu kai tsaye: ba a ba da shi fiye da sau ɗaya a cikin shekaru biyu, kuma iyakarsa 'ya'ya huɗu. Mai mata fiye da ɗaya, wanda zai iya samun ƙaruwa sau biyu a shekara guda, dole ya yi tunanin haihuwar da ta fi bukatar zamansa, wataƙila ta wadda likita ya ce za a yi mata aiki ko ta wadda ba ta da 'yan'uwa a kusa, ya tanadi hutunsa na shekara don ɗayar, kuma ya yi wa matan biyu bayanin dalilin tun da wuri don kada abin ya zama maganar fifiko. Ana haɗa takardar neman hutun da rahoton asibiti mai nuna ranar da ake sa ran haihuwa.

Wannan umarni bai hau kan jihohi ba. Jihar Legas ta fara ba ma'aikatanta maza kwana 10 tun 2014, amma kowace jiha da tsarinta, don haka ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma ya je sashen kula da ma'aikata ya nemi a nuna masa abin da ke rubuce, kada ya dogara da abin da ya ji a majalisa. A kamfanoni masu zaman kansu kuwa Dokar Ƙwadago ta ba mace hutun haihuwa na makonni 12, ba ta ce komai game da uba ba. Abin da zai taimake ka a nan shi ne takardar ɗaukarka aiki da littafin dokokin ma'aikata, domin wasu bankuna da manyan kamfanoni sun saka 'yan kwanaki a ciki da kansu. Idan babu, sai ka koma kan hutun shekara, wanda dokar ta ce kada ya gaza kwanakin aiki shida ga wanda ya cika wata 12 yana aiki, ko da yake wurare da yawa suna ba da fiye da haka. Wanda ya san matarsa za ta haihu a ƙarshen shekara bai kamata ya ƙarar da hutunsa a bikin Sallah ba.

Kunya da sanarwa

Babban abin da ke hana mu sanarwa da wuri kunya ce. Bahaushe ba ya son ambaton cikin matarsa a gaban manya, balle idan ɗan fari ne, wasu kuma suna ganin yawan faɗa kafin lokaci yana jawo baki. Wannan ɗabi'a tana da muhallinta, kuma ba a ce ka tara abokan aiki ka yi shela ba. Mutum biyu kawai ke bukatar sani: shugabanka na kai tsaye da jami'in da ke kula da fayil ɗinka, kuma kana iya roƙon su su riƙe maganar. A ganina lokacin da ya fi dacewa shi ne idan ciki ya kai wata biyar ko shida, wato saura aƙalla wata uku, kuma kafin a zauna a tsara jadawalin lokacin matsin. Idan aka riga aka rubuta sunanka a matsayin mai kula da ɗakin jarrabawa, ko aka saka ka cikin tawagar da za ta bi alhazai, cire ka ya zama aiki biyu, kuma wanda aka ɗora wa nauyinka a ƙurarren lokaci ba zai manta ba. Tun ran gini ake zane.

Ka same shi a ofishinsa lokacin da ba ya cikin gaggawa, ka yi maganar a taƙaice, kana riƙe da tsari a hannu. Kana iya cewa: «Ranka ya daɗe, iyalina suna sa ran sauka a wajajen tsakiyar Disamba in Allah ya yarda. Na san lokacin rufe asusu ne, shi ya sa na zo tun yanzu. Na rubuta ayyukan da ke hannuna, da waɗanda zan gama kafin lokacin, da wanda nake ganin zai iya riƙe sauran, ina so ka duba ka gyara.» Shugaban da aka kawo wa matsala tare da mafita ya fi sauƙin amincewa fiye da wanda aka kawo wa matsala zalla. Kada ka cika maganar da ban haƙuri kamar ka yi laifi, kada kuma ka shiga da kurarin cewa doka ta ba ka. Bayan kun rabu ka bi maganar da takarda, a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata, ka ajiye kwafi. Amincewar baki tana narkewa idan aiki ya yi zafi, kuma ana iya sauya wa shugaban wurin aiki kafin lokacin ya zo, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba.

Wani abu da ya kamata shugaban ya fahimta, kai ma ka fahimta, shi ne ranar da aka rubuta a katin awo kintace ce. Jarirai kaɗan ne ke zuwa a daidai wannan rana, kuma haihuwa a ko'ina tsakanin mako na 37 da na 42 ba baƙon abu ba ne. Saboda haka kada ka yi alkawarin cewa za ka kasance a ofis har zuwa rana kaza. Ka nemi a rubuta cewa hutun zai fara daga ranar da aka haihu, kai kuma ka ɗauki makonni uku kafin ranar da ke kan kati a matsayin wa'adin da dole komai naka ya kammala. Idan likitoci sun tsayar da ranar tiyata, lissafin ya yi sauƙi, amma ko a nan naƙuda na iya riga ranar zuwa.

Miƙa aiki

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Sau da yawa abin da ke sa a ce ba za a iya sakin ma'aikaci ba shi ne ya mayar da kansa mabuɗin ofis: shi kaɗai ya san inda fayil kaza yake, shi kaɗai ke da lambar ɗan kwangila, shi kaɗai ya san dalilin da ya sa lissafin watan Agusta bai daidaita ba. Wasu suna jin daɗin hakan domin yana sa a riƙa neman su, amma ranar da suke bukatar tafiya shi ne ke ɗaure su.

Ka zauna da takarda ka rubuta duk abin da zai faɗo cikin makonni shidan da ke kewaye da ranar haihuwa. Za ka ga cewa wasu ayyukan ana iya gama su tun yanzu. Akanta na iya daidaita lissafin banki na watannin baya, ya bi waɗanda suka karɓi kuɗin tafiya ba su kawo rasit ba, ya shirya takardun biyan da aka san suna tafe, maimakon ya bari su taru a makon ƙarshe. Malami na iya gaggauta kammala manhaja, ya tsara tambayoyin jarrabawar zango da amsoshinsu, ya shigar da makin gwaji a rajista. Wasu ayyukan kuma, idan ka dube su da idon gaskiya, za su iya jira har ka dawo ba tare da kowa ya cutu ba, kuma ya kamata ka samu amincewar shugabanka a kan jinkirta su. Ragowar, waɗanda dole a yi su a ranarsu, su ne za ka miƙa, kuma yawanci ba su kai yawan da kake zato ba.

Kowane aiki a ɗora shi a kan mutum guda da sunansa. Idan aka ce «sashe zai kula da shi», babu wanda zai kula da shi. Wanda zai riƙe maka ya fara zama kusa da kai tun saura wata guda, kuma hanya mafi inganci ita ce ya yi aikin da hannunsa kana kallo, aƙalla sau ɗaya daga farko har ƙarshe, domin a nan ne tambayoyin da ba ka taɓa tunanin rubutawa ba za su fito. Takardar miƙa aiki kada ta zama dogon labari. Ga kowane aiki ka rubuta inda ya tsaya, da abin da ya rage, da ranar da dole a gama, da wanda za a tuntuɓa, da inda takardun suke. Ka ƙara abubuwan da suke cikin kanka kawai, misali cewa wani ofishi ba ya karɓar takarda bayan ƙarfe biyu, ko cewa mai kawo kaya kaza sai an kira shi sau biyu. Ka riƙa sabunta takardar kowace Juma'a kafin ka tashi, ta yadda ko a daren Lahadi aka tafi asibiti, wanda ya zo ranar Litinin zai same ta daidai.

Akwai kuskure guda da ke iya jawo maka abin da ya fi ɓacin ran shugaba, wato ba wa wani kalmar sirrinka ta kwamfuta ko na'urar amincewa da biyan kuɗi. Duk abin da aka yi da sunanka a kan manhajar biyan kuɗi irin su Remita ko GIFMIS, kai za a tambaya ranar da masu binciken kuɗi suka zo, kuma cewa kana hutu a lokacin ba zai wanke ka ba, zai ma ƙara maka laifi. Idan kana cikin masu sa hannu a asusu, ka nemi a naɗa mataimaki a hukumance, kuma ka fara neman da wuri, domin sauya masu sa hannu a banki yana ɗaukar lokaci. Haka nan mabuɗan ma'aji da takardun jarrabawa da duk abin da aka ba ka amana, a miƙa su a rubuce, mai karɓa ya sa hannu.

Kada ka manta cewa wanda zai ɗauki nauyinka yana da nasa nauyin a wannan lokaci. Ka roƙe shi da kanka kafin shugaba ya umarce shi, ka karɓi wani abu daga aikinsa a watannin da suka rage, ko ku yi yarjejeniya cewa kai za ka riƙe masa idan zai yi tafiya. Idan shugaba zai rubuta rahoton ƙarshen shekara, ka tabbatar an san wanda ya yi aikin.

Idan aka nemi ka rage

Yana yiwuwa shugaba ya ce ba zai iya rasa ka makonni uku a jere ba. Kafin ka ƙi ko ka amince, ka san kwanakin da ba a cinikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na jariran da ke rasuwa a watan farko suna rasuwa ne a makon farko, kuma zubar jini da jijjiga, waɗanda ke cikin manyan abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa, sun fi haɗari a sa'o'i da kwanakin farko. Saboda haka daga ranar haihuwa zuwa ranar suna kada ka sallama ko yini guda. Idan tsarin wurin aikinku ya yarda a raba hutu, kana iya ɗaukar wannan mako cikakke, ka koma ka taimaka a rufe aikin, sannan ka ɗauki sauran daga baya. Wani lokaci rabawar ma ta fi amfani, domin a makon farko gida cike yake da 'yan barka da 'yan'uwa masu taimako, wahalar kaɗaici tana zuwa ne bayan suna idan kowa ya watse. Amma a rubuta ranakun kashi na biyu tun yanzu, domin hutun da aka ce «sai an samu sarari» ba a cika samun sa ba. Idan an yi wa maijego tiyata, ko jariri bakwaini ne, ko an kwantar da ɗayansu, to maganar rabawa ba ta taso ba, kuma takardar likita ta isa hujja.

Idan hutun haƙƙinka ne a rubuce kuma aka hana ka, ka nemi a ba ka dalilin a rubuce, ka kai maganar sashen kula da ma'aikata ko wakilin ƙungiyarku cikin ladabi. Kada ka tafi ba tare da izini ba, domin rashin zuwa aiki babu izini laifi ne mai zaman kansa, kuma zai ba wanda ya hana ka hujjar da bai da ita a da.

Kwanakin hutun kansu

Wasu za su ce maka babu abin da namiji zai yi a gidan jego, tunda ga uwa ga gwaggo ga unguwarzoma, musamman idan matar ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Gaskiya ne ba kai za ka dafa ruwan wanka ko ka dama kunu ba, amma akwai abubuwan da a yawancin gidajenmu sai maigida ne ke iya yanke su nan take: a tafi asibiti yanzu ko a jira safiya, a sa hannu a takardar tiyata, a biya kuɗin jini, a nemo mota da tsakar dare. Jinkirin da ake samu ana neman miji a waya yana cikin taro ya sha jawo asara. Tun kafin lokacin ka san rukunin jininta, ka shirya mutum biyu da za su iya ba da jini, ka ware kuɗin gaggawa dabam da kuɗin rago da ƙauri da kayan suna, ka kuma bar mai a mota ko ka riƙe lambar direban da zai ɗauki wayarka da dare.

Bayan an sallame su ka zama mai sa ido. Jini mai yawa, ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, zazzaɓi ko numfashi da ƙyar a wurin maijego, da ƙin kama nono, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi, idanu da fata su yi rawaya, ko cibiya ta yi ja tana wari a wurin jariri, duk ba abin a jira a gani ba ne. Ka tabbatar an yi allurar rigakafin farko, wato ta tarin fuka (BCG) da ɗigon shan inna da ta ciwon hanta, ka kai su dubawar da asibiti ya tsara, ka kuma yi amfani da wata safiya ka je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ka yi wa yaron rajistar haihuwa, wadda doka ta ce a yi cikin kwana 60. Idan akwai manyan yara, kai su makaranta da ɗauko su da duba cin abincinsu ya koma kanka. Angon ƙarnin da ya ƙarar da hutunsa yana zaune a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa bai yi abin da aka ba shi hutun dominsa ba.

Waya ita ce ƙofar da ofis zai biyo ka ta ciki. Kashe ta gaba ɗaya a lokacin matsi ba adalci ba ne ga wanda ya riƙe maka, barin ta a buɗe ga kowa kuma yana nufin ba ka tafi hutu ba. Ka tsayar da mutum guda da zai iya kiran ka, a lokaci guda a rana, misali bayan La'asar na minti goma sha biyar, ya tara tambayoyinsa ya yi su gaba ɗaya. Ka rufe sanarwar zauren WhatsApp na ofis, domin da zarar ka amsa saƙo ɗaya a can kowa ya san kana nan. Kada kuma ka ce za ka leƙa na ɗan lokaci ka sa hannu a takarda guda, domin duk wanda ya yi aikin ofis ya san ba a shiga a fito a Disamba cikin minti goma.

Mai sana'ar kansa, kamar telan da haihuwa za ta same shi a goman ƙarshe na azumi, ba shi da wanda zai rubuta wa takarda, amma tsarin ɗaya ne. Ya rufe karɓar ɗinki da wuri fiye da yadda ya saba, ya faɗa wa masu kaya gaskiyar ranar da za su samu, ya yanka abin da zai iya yankawa ya bar wa yaransa haɗawa, ya kuma yi magana da wani abokin sana'a da zai karɓi ragowar a raba kuɗin. Zai rasa wani abu daga cinikin shekarar, kuma gara ya lissafa wannan asarar tun farko ya rage hidimar suna daidai da ita.

Ranar da za ka koma ka fara da zama da wanda ya riƙe maka, ku bi takardar miƙa aiki layi-layi, ka karɓi mabuɗai da takardu a rubuce kamar yadda ka miƙa su, ka sauya kalmomin sirrinka, ka kuma sanar da sashen kula da ma'aikata a rubuce cewa ka dawo. Idan ka tarar an yi wani abu ba yadda kai ka saba yi ba amma bai ɓaci ba, ka bar shi haka. Kafin ka nutse cikin aiki ka duba katin rigakafi, ka ga ranar allurar mako shida, wadda ta zo daidai da lokacin duba maijego na ƙarshe, ka nemi izinin wannan safiyar tun yanzu.